Kafaɗar Hajiya ta Hagu

Abin da na fara gani na ƙasar Tunisiya ruwa ne. Jirgi ya karkata, taga ta cika da shuɗi har iyakar ganina, na manta ina cikin mutane na ce, "Wayyo, tabki!" Wani mutum a bayanmu ya yi dariya ya ce teku ne. Na san teku ne, mun sha zana shi a aji, amma ba wanda ya taɓa gaya mini yana ƙyalli kamar sabon faranti. Na juya in nuna wa Hajiya, sai na tarar ta rufe ido, tana riƙe da 'yar robar da take tofa miyau a ciki. Na maida hannuna kan cinyata.

Hajiya ita ce mahaifiyata, ni ce 'yar farinta. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta kallonsa cikin ido. Da aka yaye ni aka kai ni Bambeye wurin kakata, ban dawo Tawa ba sai da na shiga koleji. Shekara uku muna gida ɗaya, in tana son ruwa sai ta dubi bango ta ce, "A kawo ruwa." Ni kuma Hajiya nake ce mata, kamar masu sayen atamfa a rumfarta. Ba ƙiyayya ba ce, don tsokar da ta fi laushi a kwanona nake tarar da ita. Kunya ce. Ni ma ba baya ba ce wajen kunyar, mushenmu, malamin Faransanci, yakan kama kunnensa in ina karatu, ya ce a kashe fanka Balkisa za ta yi magana.

Hajiya mace ce mai jiki sosai, irin jikin da mata ke yabawa a gidan biki. Amma ciwon suga ya kama ta, gwiwoyi suka ƙi ɗaukarta, har 'yan kabu-kabu suka fara yin kamar ba su ji kiranta ba. Wata biyu kafin wannan tafiya, ƙanenta Kawu Isufu ya raka ta Tunis aka yi mata aikin rage ƙiba, aka yanke mafi yawan tumbinta aka ɗinke saura. Ta ce wa mutane gwiwa aka duba. Da farko lafiya lau, sai amai ya fara. Ko koko ba ya zama. Wani lokotoro a Yamai ya ɗauki hoton cikin ya ce tumbin ya tsuke a tsakiya, ta koma inda aka yi aikin, za su buɗe shi ta baki ba tare da an sake yanka ba. Damina ta kankama, Kawu yana gona, kuma ana son mace mai jin Faransanci. Muna hutu. Shi ke nan aka yi mini fasfo.

A filin jirgi aka fara gwada mu. Wani mai jaket mai sheƙi ya tare mu da fara'a, ya karɓi jakarmu tun ban amsa gaisuwarsa ba. Ya ce lokotoron da muke nema ta bar aiki, amma shi zai kai mu wani asibiti da ya fi. Faransancinsa gudu yake kamar ruwan kwazazzabo. Har na ɗaga ƙafa zan bi shi, sai na tuna bai faɗi sunan lokotoron ba sai da ya saci kallon ambulan ɗin da ke hannuna. Abin da na iya kawai, na kama hannun jakar na riƙe. Ya ja, na ja. Ya yi magana, na dubi takalminsa na ci gaba da riƙewa. Muna haka wani tsoho ya iso da takarda mai sunan Hajiya, ya riƙe ta a juye, da ɗaurin fararen furanni a saƙale bayan kunnensa. Direban asibitin ne. Ya faɗi kalma biyu da Larabci, mai jaket ya saki jaka ya shige cikin mutane.

A mota Hajiya ta ce da gilashi, "An iya riƙon kaya."

Daɗin wannan magana ya kai ni har masauki. Ina ta kallon gari: gidaje farare masu ƙofofi shuɗɗa, itacen lemu a bakin titi ba wanda ke tsinka, jirgin ƙasa kore yana ratsa tsakiyar motoci yana buga ƙararrawa. Maza manya da gashin baki, kowa da furensa a kunne, ba mai dariya.

Masaukinmu ɗaki ne a hawa na huɗu, kusa da asibiti. Ana hawa da wani akwatin ƙarfe mai madubi, asansar. Ranar farko na hau na sauka sau biyar, wai ina duba ko mun bar wani abu a ƙasa. A karo na biyar ɗin ƙofa ta buɗe, wata mata mai zanen gida da tukunya a hannu ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke, wagga ɗiya, lilo kika samu? Ɗiyar wa ce?"

Hausa! Hausar gida, har da jan muryarmu. Sunanta Tanti Zali, 'yar Kalfu, ta kawo mijinta aikin zuciya, watansu na uku ke nan. Kafin la'asar ta shigo ɗakinmu ta nuna mini yadda ake kunna murhu, da inda ake sayen burodi, da shagon da mai shi ke ƙara wa baƙi farashi. Ta dubi Hajiya, rigarta na yawo a jikinta, ta ce, "Hajiya, wa ya sace miki rabin jiki? Hwaɗi mu kai ƙara." Hajiya ta yi dariya, ta kama kafaɗarta ta hagu ta daina.

Wannan kafaɗar na daɗe ina lura da ita. Tun a Tawa na ga tana shafa mata man zafi in ta ɗauka ba kowa. Na ga in za ta zauna sallah sai ta karkata dama. Da safe in na ɗauki kallabinta zan wanke, a jiƙe yake sharkaf, ko da an kwana ana ruwa da sanyi. A jakarta, ranar da ta ce a ɗauko carbi, na ga fakitin maganin zazzaɓi uku duk an ɓare su. Kuma in ta yi taku goma sai ta tsaya tana gyara mayafi, alhali mayafin lafiyarsa lau, numfashi take nema. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa, kuma da wane baki?

Washegari muka ga lokotoro. Ba wadda ta yi aikin farko ba ce, wannan aikinta shi ne leƙa ciki da tiyo mai kyamara, abin da suke kira fibro. 'Yar ƙaramar mace ce mai furfura, da takalmin roba rawaya, da biro uku a aljihu. Ta duba hoton Yamai, ta zana mini tumbi a takarda kamar ayaba, ta matse tsakiyarsa. Ta ce gobe za ta sa Hajiya barci, ta zura tiyo ta baki, ta hura ɗan balan-balan a wurin da ya tsuke har ya buɗe. In komai ya yi daidai, Juma'a mu koma gida.

Juma'a! Har na fara ganin kaina ina ba 'yan ajinmu labarin teku.

Sai ta ce, "Tambaye ta, ban da amai akwai wani abu? Zazzaɓi? Ciwo a wani wuri? Yaya fitsari, yaya bayan gida?"

Na sunkuyar da kai na maida tambayar da Hausa, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya ta dubi kalandar da ke bango.

"A ce mata lahiya lau. Amai ne ɗai."

Na faɗa da Faransanci. Lokotoro ta taɓa goshin Hajiya, sanyi lau, don na ga ta haɗiyi ƙwaya biyu kafin mu fito. Ta danna ciki, Hajiya ba ta ko motsa gira ba. Ta sake tambaya, "Babu ciwo ko kaɗan?"

"A ce mata babu."

Lokotoro ta cire biro ta fara rubuta takardar gobe. Ina kallon biron yana tafiya. Na san Hajiya ba ƙarya take so ta yi ba. Da Kawu ne a kujerar nan, ko Tanti Zali, da ta faɗi. Amma ta buɗe baki ta zayyana ciwon jikinta, da zufa, da bayan gida, ta bakin 'yar farinta? Gara ta koma Tawa da ciwonta. Ni kuma in na yi magana na ƙaryata uwata a gaban baƙuwa. Biro ya kai ƙasan takarda, ta ɗauko hatimi.

"Madam," na ce. Ba ta ji ba. Na sake cewa, "Madam!" da ƙarfin da ni kaina na firgita.

Na faɗi duka. Kafaɗar hagu, da kallabi, da fakiti uku, da ƙwaya biyun safe, da gyaran mayafi. Faransancina ya yi ta tuntuɓe, inda kalma ta ɓace na nuna da hannu. Lokotoro ta ajiye hatimi. Ta ɗora yatsu a wuyan hannun Hajiya tana kallon agogo, ta daɗe. Sannan ta yage takardar gobe gida biyu, ta ɗaga waya.

Hajiya ba ta jin Faransanci, amma ta ga hannuna a kafaɗata.

"Mi anka ce mata?"

Na ɓoye hannun a cikin mayafi.

"Na ce mi anka ce mata?"

"Abin da na gani, Hajiya."

Aka ɗebi jininta, aka ba ta wani ruwa ta kurɓa, aka tura ta cikin sikana, wata na'ura mai kama da bakin rijiya a kwance. Kafin azahar lokotoro ta kira ni ta nuna mini hoto. A saman ɗinkin akwai 'yar ƙaramar huda, abin da Hajiya ke sha yana ɗiga ta nan, ya taru ya zama mugunya a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Shi ke aika ciwo zuwa kafaɗa. Ta ce da ta shiga ta hura balan-balan ba ta sani ba, hudar tana iya yagewa, ko kuma mu hau jirgi da mugunyar a ciki. Ta riƙe haɓata ta ɗaga fuskata ta ce, "Idonki ya yi aiki." Na rasa inda zan sa kaina.

Aka kwantar da Hajiya a ranar. Da safe aka shiga da ita, ni ina zaune a baranda ina ƙirga tayil ɗin ƙasa, in na kai bango in sake. Da aka fito, lokotoro ta zo da hotuna masu launi. Cikin Hajiya ne! Ja-ja, mai sheƙi, da lanƙwasa kamar cikin kunne. Ban taɓa zaton cikin mutum yana da kyau haka ba. Ta nuna mini hudar, baƙa, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ta ciro daga aljihu wani siririn tiyon roba mai naɗe a kai biyu kamar zoben kunne, ta ce irinsa biyu ta zura ta hudar, kai ɗaya a cikin mugunya, ɗaya a cikin tumbi, don ƙazantar ta riƙa komawa ciki ta bi hanyarta, ramin ya bushe ya rufe a hankali. Ba wuƙa, ba ɗinki. Na ce ko zan iya taɓawa. Ta ce in riƙe ma. Na juya shi a tafin hannuna ina mamakin abu kamar tsinken tsintsiya zai ceci babbar mace kamar Hajiya.

Amma Juma'a ta wuce ba mu. Lokotoro ta ce sai an yi makonni, kuma ko ruwa kada ya bi ta baki. Aka sa wa Hajiya wani tiyo ta hanci wanda ya wuce tumbin, ta nan ake ba ta abinci mai kama da madara daga jaka. Bayan kwana shida aka sallame mu zuwa masauki, aka koya mini haɗa jakar da wanke tiyon da sirinji.

Waɗannan makonni su ne masu wuya. Hajiya ta daina ko yi wa bango magana. In na zo haɗa jaka sai ta juya fuska. Ni kuma kewa ta kama ni. Na yi kewar furar kakata mai tsami, da kukan jakuna ranar kasuwar dabbobi, da warin ƙasa in hadari ya taso daga gabas. Ƙawata ta aiko mini da hoton gero ya fitar da kai a hanyar Bambeye, na shiga asansar na danna hawa na ƙarshe na yi kukana a can. Abincina kuma a kan matakala nake ci, don kada ƙamshi ya kai wa wadda ba ta da ikon haɗiyar ko miyar kuka. Matar da ke share benen ta gan ni sau biyu. A na uku ta zauna kusa da ni, ta ɓare lemu ta raba biyu. Ba ta jin Faransanci sosai, ba na jin Larabci, muka ci muka tashi. Daga ranar kullum da lemunta.

Tanti Zali ce ta fasa shirun. Ta shigo wata ranar Talata ta tarar da mu kowa na kallon nasa bango.

"Yau kuma gidan kurame na shigo? Hajiya, hushi kike da ɗiyar da ta hisshe ki?"

"Ta kunyata ni gaban baƙuwa."

"Baƙuwar da ta leƙa cikinki da hitila? Mi ya rage ba ta gani ba? Kunya a Tawa kika baro ta, can take da amfani. Nan ko, da wagga ɗiya ta yi irin taki, da yanzu Isuhu na karɓar gaisuwa."

Hajiya ta ce, "Zali, bakinki ya yi yawa."

"Shi ya sa ban taɓa rama ba. Ke, Balkisa, sa mayahinki, mu tahi ki ga tekun nan kusa, kin ishe ni da tambaya."

Ta kai ni a jirgin ƙasa. Na cire takalmi na shiga har idon sawu, ruwan ya ja yashi daga ƙarƙashin ƙafata kamar zai tafi da ni, na yi ihu, Tanti Zali ta riƙe ciki tana dariya. Na ɗanɗana, gishiri ne zalla. Da muka dawo na tarar jakar abincin Hajiya ta ƙare, ba ta kira ma'aikaciyar da aka bar mata lambarta ba. Ni ta jira. Ta miƙo mini bakin tiyon da kanta, fuskarta na kallon taga.

Bayan mako huɗu aka sake shiga da ita. Na sa rai ƙwarai, har na fara naɗe kaya. Lokotoro ta fito ta ce ramin ya ragu amma bai rufe ba, ta canza tiyoyin, ta kuma hura balan-balan kaɗan a wurin da ya tsuke, don abinci ya samu hanya ya daina matsa wa hudar. Sai wani mako uku. A Tawa hutu ya ƙare an koma lakkwal, an raba kujerun aji ba ni. Mijin Tanti Zali ya warke suka tafi, ta bar mana tukunyarta da rabin ƙullin kuka. Amma zufa ta daina. Kallabi ya bushe. Wata safiya na ga Hajiya ta miƙa hannun hagu ta ɗauko mayafi daga saman ƙofa, ba ta ko lura ba.

Shiga ta uku ba ta daɗe ba. Lokotoro ta fito takalminta rawaya na ƙara a kan tayil, ta ɗaga hoto tun daga nesa. Inda baƙar hudar take sai ɗan tabo fari. Aka sake ba Hajiya ruwan hoto, muka tsaya muna kallon allo, ni da lokotoro. Ruwan ya sauko fari, ya bi ayabar nan tun daga sama, ya ratsa tsakiya, ya wuce ƙasa. Ko ɗigo bai kauce ba. Na yi tsalle a gaban mutane, ni Balkisa.

Aka zare tiyon hanci. Aka kawo ruwa a ɗan ƙaramin kofi. Hajiya ta yi bismilla ta kurɓa, ta riƙe shi a baki kamar ba ta son rabuwa da shi, sannan ta haɗiye. Muka jira. Ya zauna. Kwana biyu bayan haka na dama mata koko mai ruwa-ruwa da garin geron da muka zo da shi, ta sha cokali shida, ta ce da kofin, "An cika tsami." Cokali na bakwai ma ta sha.

Ranar da za mu tashi muka je sallama da lokotoro. Ta ba ni takardar abin da za a ci mako-mako, ta ce a tauna sosai, kada a haɗa ci da sha. Sannan ta rufe fayil ta ce, "Tambaye ta, akwai wani abin da ke damunta kafin ku tafi?"

Na maida tambayar, ina jiran a ce lahiya lau.

Hajiya ba ta dubi kalanda ba. Ta juyo ta dube ni, ni, cikin ido. Ashe idanunta ba baƙaƙe ba ne, ruwan ƙasa ne.

"Ki ce mata kwana huɗu ke nan ban zaga ba. Kuma iska na damuna, ta sama da ta ƙasa."

Na buɗe baki, Faransanci ya gudu. Na dubi takalmin lokotoro, na dubi nawa. Lokotoro tana jira da biro a hannu.

"Yo, yau kuma ke ce mai kunya?" in ji Hajiya. "Hwaɗi mata, jirgi ba ya jiranmu."

Na faɗa. Lokotoro ta gyaɗa kai ta rubuta magani, kamar an gaya mata ana rana a waje.